Tekun Tsofaffi

Gyesun ta yi shekara arba'in tana nutso a tekun tsibirin Jeju, ba a taɓa jin ta ɗauki abin wani ba. Sai ranar da ta fi bukatar a ce mata mutuniyar kirki, ranar ce ta ɗauka.

'Yarta Sodam ce za ta yi aure. Iyayen yaron, wanda ake kira Teyul, za su taso daga Seoul su kwana biyu a tsibirin, a zaga da su titin bakin teku su sha iska, a kuma ƙara sanin juna. Teyul bai samu hutu a wurin aiki ba, don haka Sodam ce za ta ja mota. Tun a waya maman Teyul ta ce, "Maman Sodam, an ce da hannunki kike ciro jonbok daga ƙasan teku. Mu nan sai na kiwo muke samu. Ko ɗaya ne ki ajiye mana mu ɗanɗana na gaske."

Gyesun ta yi dariya ta ce wannan ai ba abin roƙo ba ne.

Sai iska ta taso. Kwana da kwanaki teku tana tafasa, shugabar masu nutso ta ce ba mai shiga, kowa ya rataye rigarsa ta roba. Jonbok kuwa ba a tsintarsa a tudu. Katantanwa ce mai ɓawo guda kamar tafin hannu, tana manne wa dutse a ƙarƙashin ruwa, sai an sa ƙarfe an ɓamɓaro ta da numfashi ɗaya. Akwai na kiwo a kasuwa burjik, amma ɓawonsa kore ne sumul, kuma Sodam ta ce baban Teyul mutum ne da ya san abinci. Gyesun ta tuna dariyar da ta yi a waya, sai ta ji kunnenta ya yi zafi.

Da sassafen ranar yawon ta ɗauki ragarta da gorarta da ke riƙe ta a saman ruwa ta sauka bakin ruwa ita kaɗai. Can waje igiyar ruwa tana ta fasa fari. Wuri ɗaya ne kwance lumui, wato lungun nan da baƙaƙen duwatsu suka kare, wanda muke kira tekun tsofaffi. Ruwansa ba zurfi. Idan mace ta tsufa, numfashinta ya gajarce, can take komawa, kuma duk mai ƙarfi ba ta taɓa ko ciyawar wurin. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Gyesun kuwa tana cikin waɗanda suka fi kowa zurfi a ƙauyen, wurin nan a gare ta kamar wankan baho ne.

Ta ce wa kanta biyu kawai za ta ɗauka. Ta ɗauki biyun, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Tana shirin fita sai ta hango wani abu yana ƙyalli a gindin dutse. Ɗan ƙaramin ɓawo ne an ajiye shi cikinsa yana kallon sama, an ɗaura masa jan zare. Kowace mai nutso ta san ma'anarsa: wata ta ga jonbok a nan, numfashi ya ƙare mata, ta bar alama za ta dawo. Jan zaren kuma na Iya Dokhi ne, tsohuwar da ta ɗaura wa Gyesun gorarta ta farko bayan rasuwar mahaifiyarta. Gyesun ta leƙa ƙarƙashin dutsen. Jonbok ne wanda ya fi tafin hannun namiji, irin wanda sai a shekara ba a ga kamarsa ba. Ta sa ƙarfe ta ɗaga shi. Sannan ta ɗauke alamar ma, don kada a gane an zo.

Ko da rana ta ɗaga, ta yi wanka, ta sa sabuwar rigarta mai launin toka da takalmin da ke matse mata yatsa. Jonbok ɗin suna cikin kula a but ɗin mota, an lulluɓe su da jiƙaƙƙiyar ciyawar teku don kada su mutu. Ɗan ɓawon mai jan zare kuwa ta rasa inda za ta jefar da shi, sai ta cusa shi a aljihu.

Sun ɗauko baƙin a masauki suka kama titin bakin teku. Baban Teyul yana gaba kusa da Sodam, gajere mai tumbi, kyamara rataye a wuya. Matan biyu suna baya. Rana ta yi kyau irin wadda ke zuwa bayan iska, komai an wanke shi. Ta hagu gonakin fure rawaya sun cika tsakanin katangun baƙin dutse, ta dama teku tana dukan gaɓa.

"Tsaya, 'yata, tsaya," in ji baban Teyul. "Dawaki."

"Ka taɓa ganin doki ai," in ji matarsa.

"Ban taɓa ganin mai gajerun ƙafafu irin nawa ba."

Aka tsaya ya ɗauki dawaki. Aka yi gaba kaɗan ya ce a tsaya ya ɗauki kifin da aka shanya a igiya a gefen titi. Aka tsaya a wani tsauni inda duwatsu suka miƙe tsaye kamar an jera ginshiƙai, baƙaƙen tsuntsayen ruwa suna zaune a kansu sun buɗe fukafukai suna shan hantsi. Maman Teyul, doguwa mai magana a hankali, ta riƙe hannun Gyesun a kan matakala.

"Hannunki kamar itace," ta ce. "Nawa dubi, ko kwalbar miya ba ya iya buɗewa."

"Aikin ruwa ne," in ji Gyesun. Duk takun da ta yi, ɓawon nan yana sukar cinyarta ta cikin aljihu.

Wajen tsakar rana suka iso gaɓar da dolfin, manyan dabbobin ruwan nan masu kama da kifi, suka saba bi. Motoci sun jeru a gefen titi, mutane suna tsaye a kan duwatsu. Sodam ta shimfiɗa tabarma, ta fito da naɗin shinkafa da lemo da yajin barkono. Gyesun ta buɗe kula, ta ciro ƙananan, ta bar babban a ƙasa, don shi ne tsarabar da baƙin za su tafi da ita Seoul. Ta yanka su ɗanye siri-siri a kan ɓawonsu.

Baban Teyul ya kai yanka ɗaya baki, ya tauna, ya lumshe ido.

"Maman Teyul, duk abin da muke ci a gida roba ce."

"Kai ne mai sayowa."

"To na tuba." Ya juya wajen Gyesun. "Yaushe aka ciro su?"

"Yau da safe," in ji Gyesun.

"A wannan ruwan?" Ya nuna inda igiyar ke fasawa. "Maman Sodam, ke ba mutum ba ce."

"Mama tana sauka zurfin bene mai hawa biyar," in ji Sodam. Ta ɗan kalli uwar tata, don ta san an hana shiga kwanan nan, amma alfahari ya rinjaye ta ba ta tambaya ba.

Can wani ya nuna ruwa da hannu, sai ga dolfin ɗin. Da farko baƙin baya ɗaya ne ya ɓullo ya nutse, sai biyu, sai garke guda suna tafe a jere dab da gaɓa, har ana jin hucinsu. Wata uwa tana tafe da ɗanta manne a gefenta, in ta ɗago ya ɗago, in ta nutse ya nutse. Baban Teyul ya ruga kan dutse da yanka a hannu ɗaya kyamara a ɗaya. Maman Teyul ba ta tashi ba, ta dafa ƙirji tana kallo.

"Ba sa cutar da ku a ruwa?"

"Sai dai su tsorata mutum," in ji Gyesun. "In sun matso muna ce musu su bi ta ƙasa, su bi ta ƙasa. Suna bi."

"Suna jin magana ke nan. Sun fi mijina."

Aka yi dariya. Gyesun ma ta yi, amma ko yanka ɗaya ba ta kai bakinta ba. Maman Teyul ta lura, ta tura mata ɓawon gabanta, ita kuma ta ce ai ta gaji da cinsa.

Suna ɓare lemo maman Teyul ta tambaya, idan mace ta tsufa a wannan sana'a, ƙarfinta ya ƙare, me take yi? Gyesun ta buɗe baki za ta ce ai zama take yi a gida, sai Sodam ta riga ta.

"Ba a korar kowa. A ƙauyenmu akwai wurin da aka ware musu, ana ce masa tekun tsofaffi. Ba zurfi, ba igiyar ruwa. Masu ƙarfi ba sa shiga ko da yunwa za ta kashe su. Ina ƙarama na taɓa tsintar wata 'yar katantanwa a bakin wurin, Mamata ta sa na mayar da ita, ta kuma hana ni abincin rana."

"Ƙarama ce ƙwarai," in ji Gyesun, tana kallon tabarma.

"Har yau ina tunawa," in ji Sodam tana dariya.

Da maman Teyul ta yi magana muryarta ta sauya.

"Mahaifiyata tana gidan kula da tsofaffi. Sau ɗaya a wata nake zuwa, wani watan ma ban zuwa. Ku kuwa kun yanko teku kun ba naku." Ta share gefen ido da yatsa. "Da Teyul ya ce 'yar masu nutso zai aura, 'yan'uwana sun yi ta surutu. Yanzu na samu abin da zan gaya musu. Maman Sodam, ki kai ni in ga wurin nan."

Gyesun ta ce hanyar ba kyau. Sodam ta ce ai an gyara ta bara. Gyesun ta ce akwai wani kogo ta cikin tudu da ya fi kyan gani, kuma ana rufe shi da wuri. Baban Teyul, wanda ya dawo yana haki, ya ce shi kogo yana sa masa ciwon gwiwa, a je a ga tsofaffi.

Daga nan zuwa ƙauyen titin yana bin gaɓa kamar zare. An wuce manyan fankokin lantarki da ke tsaye a cikin ruwa, an wuce wani farin zalɓe a bakin fadama wanda baban Teyul ya sa aka yi baya dominsa. Gyesun ba ta ga ko ɗaya ba. Addu'a take yi a ranta tsofaffin sun riga sun watse.

Ba su watse ba. Da iska ta lafa da hantsi sun shiga lungunsu, yanzu sun fito suna zaune a zagayen duwatsun da suke hura wuta, su huɗu, da rigunan roba har yanzu a jikinsu. Ragoginsu suna yashe a gefe kamar an zubar da tsumma. Iya Dokhi tana tsakiya, 'yar firit, ta haura tamanin, tana gasa tafin ƙafarta.

"Wa nake gani kamar Gyesun da takalmin 'yan birni?" in ji ta. "Sodam, zo nan in gan ki. Waɗannan ne masu ƙwace mana ke?"

Aka gaisa, baƙin suka rusuna sosai. Maman Teyul ta durƙusa kusa da wuta ta tambaya ko an samu.

"Yau duwatsun sanƙo suka yi," in ji Iya Dokhi. "Kamar an aske su. Ina jin wani dolfin ne ya riga mu."

"Dolfin yana shigowa nan?" in ji baban Teyul.

"Akwai mai ƙafa biyu," in ji wata tsohuwar, tana tura itace a wuta.

Iya Dokhi ta harare ta. Sannan ta jawo ragarta, ta lalubo 'yan katantanwa biyu, su ke nan abin da ke ciki, ta ɗora a kan garwashi.

"Baƙo ba ya zuwa bakin wutarmu ya tafi haka. Ku ci. Kun yi dace da suruka. Gyesun ɗin nan ni na koya mata, tun tana kuka in ruwa ya shiga hancinta. Yanzu duk gaɓar nan ba mai numfashinta."

Gyesun ta so ƙasa ta buɗe. Da zagi aka yi mata da ya fi sauƙi. Tana tsaye tana kallon 'yan katantanwar nan biyu suna tsuwa a wuta, ba ta lura baban Teyul ya koma mota ba. Sai ganinsa ta yi ya dawo rungume da kula, fuskarsa cike da murna.

"Iya, ai kin koyar da kyau. Dubi abin da ɗalibarki ta ciro yau da safe, a cikin wancan haukan ruwan."

Ya yaye ciyawar, ya ɗaga babban jonbok ɗin da hannu biyu, yana motsi a hankali a cikin ɓawonsa.

Tsofaffin sun san ba mahaluƙin da ya fita waje yau. Sodam ta kalli tekun, ta kalli ragogin da ba komai, ta kalli uwarta, sai murmushin ya bar fuskarta. Baban Teyul ya tsaya da abin a sama, yana duban wannan yana duban waccan.

Iya Dokhi ta daɗe tana kallon jonbok ɗin.

"Ya yi kyau," ta ce. "Ku sa masa ciyawa kada ya bushe."

Ta juya katantanwarta a wuta. Ta bar maganar ke nan, kuma Gyesun ta san za ta bar ta har abada in dai a gaban baƙi ne. Da Gyesun ta yi shiru, da an koma mota, da jonbok ya tafi Seoul. Sai ta sa hannu a aljihu ta ciro ɗan ɓawon mai jan zare, ta durƙusa da sabuwar rigarta a kan toka, ta ajiye shi a gaban tsohuwar.

"Iya, naki ne. A nan na ɗauke shi, har da alamarki. Da waɗanda muka ci a hanya, duk a nan na ɗiba."

"Mama," in ji Sodam.

Gyesun ta karɓi jonbok ɗin daga hannun baban Teyul, wanda ya sake shi kamar yana ƙona shi, ta miƙa wa Iya Dokhi da hannu biyu. Tsohuwar ta maida hannayenta baya.

"Kada ki ba ni a hannu. Ban fara bara ba tukuna. Tun kafin iskar nan na gan shi, numfashi ya ƙi. Kullum ina kwance ina shirya yadda zan ɗaga shi. Ki mayar da shi inda kika same shi, ki sa alamata yadda take. In na iya, na iya. In ban iya ba, na teku ne."

"Bari in je gida in ɗauko rigar ruwa."

"Kafin ki dawo ya mutu."

Gyesun ta cire takalmin nan mai matsi. Ta waiga ta rasa inda za ta ajiye shi, sai maman Teyul ta miƙo hannu ta karɓa, ba ta dube ta ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta jefo mata tabarau na shiga ruwa. Ta sauka kan duwatsu da rigarta mai launin toka, ta shiga. Ruwan nan mai sanyi, ba rigar roba, yana yanka kamar wuƙa. Rigar ta kumbura ta taso mata har wuya, tana jin idon kowa a bayanta, har da wasu 'yan yawon da suka tsayar da motarsu a titi suna kallon matar da ta shiga teku da kayan biki.

Jonbok ba ya kama dutse don an ce ya kama. Sai an danna shi an jira. Ta nutse ta riƙe shi a gindin dutsen har ƙirjinta ya yi zafi, ta saki, ya zame. Ta taso ta yi fiton nan da muke yi in mun fito, ta sake komawa. A wannan karon ta ji ya tsuke a ƙarƙashin tafinta. Ta ja shi kaɗan, ya ƙi. Ta ajiye ɗan ɓawon a gefensa, cikinsa yana kallon sama.

Da ta fito haƙoranta suna kaɗawa, tsofaffin suka matsa suka ba ta wuri a bakin wuta, amma ba wadda ta yi mata magana sai Iya Dokhi.

"Waɗanda kuka ci ba sa dawowa. Daga gobe har a rufe kamun bana, ke za ki riƙa ɗauko mana ragoginmu daga bakin ruwa zuwa titi. Shugaba kuma da bakinki za ki gaya mata, ba da nawa ba."

"To, Iya."

"Ku kuma ku cinye katantanwar nan, ta ƙone."

Baƙin suka ci a tsaye, kowa ɗaya, ba wanda ya ce ta yi daɗi.

A hanyar komawa Sodam ta kunna abin ɗumama mota har ƙarshe, idonta a kan titi, ba ta ko leƙa madubi. Baban Teyul ya cire kyamara daga wuya ya sa a jaka. Gyesun tana takure a jikin ƙofa don kada ta jiƙa baƙuwa, ruwa yana ɗiga daga gashinta. Ta yi ta neman abin da za ta ce game da auren, cewa laifin uwa ba na 'ya ba ne, amma ta kasa haɗa shi.

Da suka iso gaɓar ɗazu, dolfin ɗin suna nan suna dawowa ta ɗaya ɓangaren, rana tana sheƙi a bayansu. Ba wanda ya ce a tsaya.

Sun yi nisa kafin maman Teyul ta cire rigar sanyinta ta yafa wa Gyesun a kafaɗa. Takalmin har yanzu yana kan cinyarta.

"Ni na roƙa a waya," ta ce a hankali. "Kuma ni na fi kowa ci."

"Ba ki san daga inda ya fito ba."

"Yanzu na sani, yana kuma cikina." Ta gyara zaman takalmin. "Jirginmu sai yamma. Ƙarfe nawa tsofaffin suke fitowa daga ruwa gobe?"

"Wajen sha ɗaya."

"Ragar tana da nauyi?"

"Ta tsofaffi ba ta da nauyi sosai," in ji Gyesun.

"To ki zo ki ɗauke ni mu ɗauko musu tare. Ki taho mini da takalmin da ba ya santsi."

Sodam ta ɗago ido ta kalli madubi sau ɗaya, sannan ta rage zafin motar kaɗan.